Tunawa Da Allah A Bakin Keken Ɗinki

Na san a wannan fili an fi sabawa da labaran soyayya da na kishiyoyi da sharhin littattafai, ni ma kuwa abin da ya jawo ni ke nan tun farko, don in aka makara da kawo sabon babi har ƙunƙuni nake yi ni kaɗai a shago. To yau ni ma na ari alƙalami, sai dai ba ƙagaggen labari na zo da shi ba. Ni tela ne a Zariya, na haura shekara 20 a kan keke, kuma Kirista ne, Bahaushe gaba da baya. Kakana a Wusasa ya koyi karatu, wurin 'yan mishan ɗin nan na CMS da suka tashi daga cikin birni suka koma can a 1929. Na faɗi haka tun da wuri ne saboda na san akasarinku Musulmi ne, kada wani ya yi nisa sannan ya ce an yi masa shigo-shigo ba zurfi. Da 'yan'uwana Kirista nake magana, amma ban kori kowa ba, domin wanda ya fara tashina daga barci a kan wannan al'amari ma ba Kirista ba ne.

A watan Disamba na 2017, saura mako uku Kirsimeti, wata tsohuwa 'yar majami'armu ta shigo shagona da atamfa turmi ɗaya a cikin leda. Gwauruwa ce, tana riƙon jikokinta mata biyu da ubansu ya rasu, kuma duk unguwa an san da kaskon ƙosai take ciyar da su. Ta ce riga da siket take so a yi wa yaran. Na auna su, na rubuta a littafi, na karɓi kafin alƙalami, na ce, "In Allah ya yarda, Mama, Asabar ta sama ki aiko a karɓa." A lokacin da nake wannan magana akwai ankon biki na gidaje biyu a jibge a bayana, ga shaddojin manya waɗanda ke biya ba ciniki. Na san ba zan gama nata a ranar ba. Ba zato nake ba, sani ne. Kwaɗayi ya hana ni mayar da aiki, kunya ta hana ni ce wa babba a'a, kuma da yake kuɗinta ne mafi ƙanƙanta, ledarta ce ta koma can ƙasan tari.

Ta zo ranar Asabar, na ce Laraba in Allah ya yarda. Ta zo Laraba, na ce Asabar in Allah ya yarda. Ranar Asabar ɗin nan, 23 ga wata, ta zo da yamma da yaran biyu a bayanta, ko almakashi ban sa wa atamfar ba. Na ɗora wa rashin wuta laifi, na ɗora wa yaran shago. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai dubi ledar, ta dube ni, ta kama hannun ƙaramar suka fita.

Akwai wani dattijo da muke haɗa bango da shi, mai sayar da zare da maɓalli da zif, kowa Baba yake ce masa. Yana zaune a bakin shagonsa da buta a hannu zai yi alwalar Magariba, ashe duk yana ji. Da suka yi nisa sai ya ce, "Ɗana, zo mana." Na je na rusuna. Ya ce, "Sau uku ke nan ina jin kana ce wa baiwar Allahn nan in Allah ya yarda. Shin Allah ne bai yarda ba, ko kai ne ba ka yanka ba?" Na yi shiru. Ya ce, "In ƙarya za ka yi, yi abarka kai kaɗai, ka daina jingina ta ga Allah. Ko ku a addininku an yarda da haka?" Ya ci gaba da alwalarsa.

Ranar Litinin aka yi Kirsimetin. Ni ina cikin ƙungiyar mawaƙa, mu kuwa jama'a muke fuskanta, saboda haka ba yadda zan yi in kauce. Ga yara nan kowa fes cikin sabon kaya, ga waɗannan biyu a kayan bara, rigar babbar ta ɗage mata har ta bar gwiwa, sai faman ja take yi tana ɓuya a bayan kakarta. Bakina yana waƙar haihuwar Mai Ceto, idona yana kan wannan riga.

To jama'a, tun daga ranar nake juya wata magana a raina, ita ce kuma na kawo muku. Mu masu magana da Hausa, ban san wata al'umma da ta kai mu kiran sunan Allah ba. Gaisuwa, da godiya. Sallama, Allah ya kai mu. Ciniki, Allah ya sa albarka. Mota ta tashi, Allah ya kiyaye hanya. Musulmi da Kirista duk bakinmu ɗaya a nan, domin Littafi Mai Tsarki na Hausa, tun fassarar farko cikakkiya ta 1932, da sunan Allah yake kiran Mahalicci. Da za a ƙirga, na tabbata a ranar da na yaudari tsohuwar nan na ambaci Allah ya fi sau 50. Amma sau nawa na tuna da shi? Ko sau ɗaya. Da na tuna cewa yana tsaye a shagon yana ganin tarin da ke bayana, yana kuma ganin kaskon ƙosan da aka tara kuɗin atamfar da shi, da harshena ya yi nauyi. Kalmar "in Allah ya yarda" ba ta da laifi, a wasiƙar Yakubu sura ta 4 ma an koya mana mu riƙa rataya shirye-shiryenmu ga nufin Ubangiji. Ni ne na mayar da ita garkuwa, wato wata ƙofar baya da zan sulale in lokaci ya yi. A cikin Dokoki Goma akwai wadda ta hana kama sunan Allah a banza, da can na ɗauka masu rantsuwa da masu zagi ta shafa. Ashe har da tela mai ladabi.

Wani abin da ya ƙara damuna shi ne, ni ba mai wasa da majami'a ba ne. Sujadar Lahadi ba ta wuce ni, ga koyon waƙa sau biyu a mako, ga addu'ar safe da iyali kafin kowa ya fita. A saman ƙofar shagona ma akwai ayar Zabura da na biya mai fenti ya rubuta mini, ƙarƙashinta tsohuwar ta bi ta shiga ta fita sau huɗu. Sai na gane na yanka wa Allah nasa lokaci da nasa wuri, kamar yadda nake yanka hannun riga in ajiye gefe, sauran yinin kuma nawa ne. Ƙarfe bakwai na safe mu yi sallama da shi a ƙofar gida, sai kuma an zo cin tuwon dare.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a nan na ɗan yi kishin maƙwabcina. Shi sau biyar a yini ana kiransa da babbar murya, ko yana tsakiyar ciniki sai ya ajiye. Ba na ce kowane mai salla yana tuna Allah tsakanin salla da salla ba, wannan ku kuka fi ni sani, kuma telolin da ke saɓa alƙawarin kayan Salla ba Kirista ba ne. Amma dai yininsa yana da turaku da aka kafa masa. Mu ma da muna da irinsu. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa a tagarsa mai duban Urushalima, wannan ne ma ya kai shi ramin zakoki. Wani tsohon rubutu na ikkilisiyar farko da ake kira Didake ya ce a riƙa yin Addu'ar Ubangiji sau uku kowace rana. Angilika suna da addu'ar safe da ta yamma a littafin addu'arsu, Katolika suna da ƙararrawar ƙarfe 6 na safe da 12 na rana da 6 na yamma. Amma akasarinmu, musamman mu na kasuwa, mun yar da wannan duka da sunan cewa mu 'yantattu ne, ba ma ƙarƙashin doka, muna iya addu'a kowane lokaci. Gaskiya ne muna iyawa. Sai dai abin da aka ce kowane lokaci, in ba a yi hattara ba, ba a yin sa ko da wane lokaci.

Maganin da ake ba mu yau kuwa, ni dai bai gamsar da ni ba, ko da wasu za su ji haushi. Da an ce mutane sun yi sanyi sai a ƙaro taro: addu'ar dare, taron farfaɗowa na kwana bakwai, a ƙaro lasifika, a liƙa takarda a gilashin mota, a sa waƙar bishara a matsayin ƙarar waya. Ban ce a daina ba. Amma duk waɗannan ƙara wa Allah girman nasa yankin ne kawai, shingen yana nan daram. Mutum ya kwana yana ɗaga murya har ta dushe, gari ya waye ya buɗe rumfa ya auna wa mutane masara da mudu mai bugaggen gindi. Ni ban ga abin da daren ya amfana wa wadda aka tauye wa awo ba.

Wani limamin Katolika da nake yi wa ɗinki ne ya fara ba ni labarin Ɗan'uwa Lawrence, daga baya ya ara mini ɗan littafin da aka tattara daga hirarrakinsa da wasiƙunsa bayan rasuwarsa. Sunansa na yanka Nicolas Herman, mutumin yankin Loren ne a Faransa ta yau. Ya yi soja a Yaƙin Shekara 30, ya sami rauni wanda ya bar shi da ɗingishi har mutuwa, ya yi barantaka a gidan wani babba, inda shi da bakinsa ya ce kome ya taɓa sai ya fasa. A 1640 ya shiga gidan masu zuhudu na ɗariƙar Karmel a birnin Paris, da yake ba shi da ilmi mai zurfi ba a naɗa shi limami ba, aka tura shi ɗakin girki. Ba ya son aikin, amma ya yi shekara 15 a ciki. Da ƙafar ta matsa masa sai aka mayar da shi gyaran takalman 'yan'uwa, ka ga ashe ɗan'uwana ne a allura da zare. Ya rasu a watan Fabrairu na 1691, bai rubuta wani babban littafi ba, bai kafa ikkilisiya ba, amma tun yana raye manyan mutane suke zuwa neman shawararsa.

Abin da ya koyar ba shi da yawa. Ya saba wa kansa hira da Allah a tsakiyar aiki, gajerun kalmomi, kafin ya fara ya nemi taimako, yana cikin yi ya ɗaga zuciya, in ya gama ya duba yadda ya yi. Har ta kai lokacin hayaniyar girki, wannan na kira wancan na kira, bai bambanta a wurinsa da lokacin durƙuso ba. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda yake yi in ya faɗi. Ba ya zama yana dukan kansa kwana da kwanaki, sai ya amsa laifi a gaban Allah kai tsaye, ya nemi gafara, ya koma kan tukunyarsa. Kuma bai ɓoye cewa shekarunsa na farko, kusan goma, cikin wahala da shakka ya yi su ba.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na faɗa wa limamin. Wannan mutum ba shi da mata, ba kuɗin haya, ba kuɗin makaranta, ba mai zuwa ya zage shi a kan wuyan riga. Haka ne. Amma Nehemiya fa? Ma'aikacin fada ne, mai shayar da sarkin Farisa. Sarki ya tambaye shi abin da yake so, a zamanin da ɓacin ran sarki kan iya cin ran mutum, tsakanin tambaya da amsa ya yi addu'a, yana tsaye da ƙoƙo a hannu. Ba ta kai tsawon numfashi biyu ba. Wani kuma zai ce taura biyu ba ta taunuwa, in kana yankan shaddar mutane mai tsada hankalinka ya tafi sama ai sai ka yi ɓarna. Wannan ma gaskiya ne, kuma Allah ba ya jin daɗin karkataccen ɗinki. Sai dai ku dubi mace mai goyo tana daka. Idonta yana kan turmi, ba ta waiwaya, amma ko motsi yaron ya yi ta sani, kuma saboda shi ba ta sunkuyawa yadda ta ga dama. Irin wannan sani nake nufi. Da Manzo Bulus ya gaya wa Tasalonikawa kada addu'arsu ta yanke, shi kansa maɗinkin tanti ne da ke ci da hannunsa, ba zai umarce su da abin da zai hana su aiki ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa da wannan za mu sayi ceto. Mu dai mun gaskata ceto kyauta ce ta wurin Yesu Almasihu. Amma wanda ya ce yana tare da kai kullum, kai kuma sai ranar Lahadi kake kula shi, ko a zaman gidan haya wannan ba zaman lafiya ba ne.

Ga abin da na gwada, ban ce dole kowa ya bi ba. Na kafa wa kaina turaku daga cikin aikin. In zaren ƙasa ya ƙare dole in tsaya in naɗa wani, wannan tsayawar ta zama tawa da Allah, ko da kalma uku ce. In na ɗauki kayan mutum zan yanka, sai in karanta sunansa a littafi in roƙa masa alheri, na kuwa lura yana da wuya ka yi wa mutum addu'a sannan ka soke ragowar yadinsa a ƙarƙashin tebur. I, muna yi, telolin da ke karatun nan sun sani, a ce maka yadi 5 alhali 4 da rabi ya isa. Na uku, kiran salla daga masallacin layinmu ya zama mini agogo, in aka kira ni ma sai in ɗaga ƙafa daga keke in yi Addu'ar Ubangiji. Wani ɗan'uwa a majami'a ya ce wannan ai gauraya addini ne. Na ba shi labarin Frank Laubach, ɗan mishan na Amurka da ya zauna cikin Musulmin Maranao a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin. A wasiƙun da ya rubuta wa mahaifinsa a 1930 ya amsa cewa ganin yadda Musulmi suka ɗauki miƙa wuya ga nufin Allah ne ya tona masa abin da ya rasa a nasa Kiristancin, har ya shiga ƙoƙarin tuna Allah kowane minti. Bai bar bin Yesu ba, ni ma ban bari ba. Ɗan'uwan bai gamsu ba, muna nan dai muna gaisawa.

Na huɗu shi ne mai tsada. Kafin in ba kowa rana, sai in yi shiru in ƙirga abin da ke gabana kamar a gaban shaida, in faɗi ranar gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba. A Disamban 2018 na mayar da aiki da yawa, wasu suka yi fushi suka koma wurin mai ce musu gobe. Da Janairu ta zo kuɗin makarantar yara bai cika ba, sai da muka sayar da akuya, maiɗakina kuwa ta tambaye ni ko ni kaɗai ne mai tsoron Allah a cikin telolin Zariya. Ina so in ce muku daga baya Allah ya ninka mini sau goma, kamar yadda ake ba da shaida a gaban bagade ana tafi, amma bai faru ba. Akwai waɗanda suka dawo saboda sun ji ana cika alƙawari, akwai waɗanda suka tafi ke nan. Abin da nake samu bai fi na da ba. Barci dai nake yi a watan Disamba, kuma na daina ɓuya a bayan labule in na hango mai kaya.

Kuma ina mantawa. Akwai yinin da tun safe har dare waya ce ke cinye duk ɗan tsayawar da na ce ta Allah ce. A makon Ista da ya wuce wani yaron shagona ya ƙona rigar mutane da dutsen guga, na zazzage masa maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba, sai da na huce sannan na tuna akwai wanda yake ji. Na kira yaron na ba shi haƙuri a gaban sauran, muka zauna muka fitar da sabon gaban riga. Baba mai zare da zai ja mini kunne ya rasu a 2021, Allah ya ji ƙansa, shagonsa yanzu cajin waya ake yi a ciki.

Kayan yaran nan kuwa, washegarin Kirsimeti na buɗe shago ni kaɗai na ɗinka su, yini ɗaya rak suka ci. Ranar Laraba 27 ga wata na kai har gida. Na sami Mama tana wanke wake, na durƙusa na ce ta yafe mini, na kuma ce ta riƙe cikon kuɗin. Ta goge hannu, ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo kuɗin cif ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ɗana, wannan haƙƙin guminka ne, ɗauki. Ni ba ka ci mini kome ba, ban da zirga-zirga. Waɗanda ka ci wa suna ɗaki, je ka same su."

Ban taɓa neman gafarar yaro ba sai ran nan. Na tsuguna a gaban 'yar shekara tara da 'yar shekara shida, na ce musu ba rashin wuta ba ne, ƙarya na yi wa kakarsu. Babbar ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba, ta karɓi ledar ta ajiye a kan gado ko buɗewa ba ta yi ba. Ƙaramar ce ta zaro tata rigar ta juya ta gaba da baya, sannan ta ɗago ta ce, "Baba tela, ka sa mini aljihu?"

Ban sa ba. Na koma da ita shago.